Rariyar Injin Kalilu

Ranar Talata ce, cikin watan Maris na 1984. Ƙarfe shida da rabi ɗana Kalilu ya sha koko a tsaye, uwarsa Sauda tana yi masa faɗa kamar kullum. Ƙarfe bakwai ya kai akori-kurarsa garejin Labbo a Nasarawa don a canza mata baƙin mai, ya dawo ya raka Sauda asibiti a duba mata ido. Ƙarfe tara da kwata ya karɓi motar. Ƙarfe goma ya biyo ta makarantar da nake koyarwa, ya danna hon sau biyu. Ina cikin aji, ban leƙo ba.

Ya yi azahar a Argungu, aka loda masa albasa buhu sha huɗu. Ya baro can bayan ƙarfe uku. Kafin Ambursa, a wata gangara, injin ya buga, ƙafafun baya suka ƙame, mota ta juya sau biyu. Manoman fadama da suka cire shi sun ce ana gab da kiran la'asar. Shekararsa ashirin da shida.

Ni na yi jami'a a Zariya, kimiyya nake koyarwa. Kalilu ya bar sakandare a aji uku ya bi mota. Shekara biyu na ƙi shiga motar da yake tuƙawa, kuma ya san dalili. Bai taɓa tanka mini ba. Motar tsohuwar Fijo ce, ta girme wa lasisinsa nesa, yana kiranta Inna. Da kunne yake sanin ciwonta. In ya tada ta da safe sai ya jingina haƙarƙarinsa da ƙofa ya yi shiru, kamar mai sauraren gaisuwa. Matan Ambursa sun san shi domin ba ya wuce tsohuwa da kaya a ka.

Wata rana ya buɗe murfin mai, na ga baƙar dauɗa ta daskare a ciki kamar kwalta. Na ce ya kamata a wanke.

Ya yi dariya. "Baba, tsohuwa ba a yi mata wankin ciki. Wagga dauɗa ita ka riƙe ta. In ka tada ta, ina za ta? Ko ka sauke kasko ka kwashe ta da hannu, ko ka bar ta inda Allah ya aje ta."

Ya fi ni gaskiya, kuma ni ne mai digiri.

Bayan sadakar bakwai na sa aka jawo motar zuwa gidana a Badariya. Da hannuna na kwance kaskon mai da ke ƙarƙashin injin. Warin kananzir ne ya fara tarbe ni. Akwai wata rariya ta ƙarfe, faɗinta kamar tafin hannu, wadda mai ke bi kafin famfo ya tura shi cikin inji. Ta toshe gaba ɗaya. Na ɗaga ta ga rana, ko ƙwayar haske ba ta wuce ba. Wani ya wanke injin da kananzir, dauɗar shekaru ta saki, ta taru a rariya, inji ya yi ta gudu babu mai har ƙarfe ya kama ƙarfe.

Anselm, mai shagon kayan mota da ke kallon garejin Labbo, shi ya faɗa mini sauran.

"Malam, da idona na gani. Galan guda ya ɗura mata, ya tada ta yana ba ta wuta, hayaƙi ya cika layi. Wai sabuwar dabara ya koyo. Na ce, Labbo, Kalilu ya hana ka wannan. To in ka yi, sauke kasko ka wanke rariya. Ya ce in koma in ƙirga fulogi, mai shago mi ya sani ga inji."

Na tsallaka titi. Labbo ya goge hannu, ya rusuna.

"Malam, ya haƙuri? Kwana ne ya ƙare."

"Kwanansa ya ƙare, na sani. Kananzir fa?"

"Wane kananzir?"

Ban ɗaga murya ba, ban kuma je kotu ba. Tun daga makon nan, kowace Asabar da hantsi nakan zauna a bencin Anselm da rariyar a kan cinyata. Duk direban da ya nufi garejin Labbo sai in yi masa sallama, in miƙa masa ita, in ce ya duba rana ta cikinta. Sannan in bayyana masa abin da ya faru, daki-daki, kamar a aji. Ba na ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na tabbatar. Wasu sukan shiga duk da haka. Da yawa sukan juya. Cikin shekara biyu garejin da ke ɗaukar mota shida ya koma gyaran babur.

Sauda ta ce, "Ni na yahe mashi, Malam. Kai ma ka yahe, ka huta."

Na ce ba hutu nake nema ba.

A shekara ta uku wani ɗan'uwan Labbo ya biya masa kujerar Makka, ya shiga zagaya gari yana neman gafarar mutane kamar yadda maniyyata ke yi. Ni ne na ƙarshe. Ya zauna a ƙasa a zaurena, ya rame, gemunsa ya yi fari.

"Malam, tahiya ta kama. Na zo ka yahe mani."

"Me zan yafe?"

"Duk abin da ke tsakani."

"Faɗe shi."

Ya dubi tabarma. "Haba Malam. Ko ba a hwaɗi ba..."

"Kalma uku ce, Labbo. Na zuba kananzir. Ka faɗa nan, ka faɗa a tasha gaban direbobi."

Ya ce, "Allah shi ya san gaskiya."

"Shi ya sani. Can za ka, ka gaya masa ban yafe ba."

Ya tashi ya manta takalminsa ɗaya a ƙofa, sai da ya dawo ya ɗauka.

Tufafin Kalilu mun bayar sadaka tun ranar arba'in. Rediyonsa yana ɗakin Sauda, ba ta kunnawa. Sifanoninsa na bai wa Anselm. Gangar motar na sayar wa maƙera, aka yi garemani da ita. Rariyar tana cikin gwangwanin madara a kan teburina. Ban wanke ta ba. Alhaji Labbo ya dawo daga Makka makon jiya, kuma jibi Asabar.