Shawarar da na ba Baba Agali

Ban taɓa mantawa da wata Lahadi a kasuwar bisashe ta Tawa ba, can ƙarshen shekarun 1960. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin kiwo. Aikina shi ne in zaga kasuwa in tambayi dillalai kuɗin sa da raƙumi da tunkiya, ran Litinin in kai wa shugabanmu rahoto. Ban daɗe da dawowa daga kwas a Yamai ba, inda aka koya mana daga wani littafin Faransanci cewa in kaya sun yi yawa farashi zai faɗi, in sun yi ƙaranci zai tashi.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau a arewa ba. Ciyawa ta ƙare da wuri, kowa na koro dabbobinsa kasuwa. Ranar na haɗu da Baba Agali, wani dattijo makiyayi daga Takanamat, ya kawo shanu tara. Dillali ya taya masa rabin kuɗin bara.

Ya kira ni yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce mini, "Mushe, kai ne mai takarda. In sayar?"

Na ce, "Baba, kada ka sayar yau. Kasuwa ta cika. Nan da wata biyu za a nemi shanu a rasa, kuɗi zai hau."

"To me za su ci kafin nan?"

Na ce masa da yardar Allah ruwa zai sauka da wuri. Ya ɗan dube ni, sannan ya kora shanunsa gida.

Ruwa ya makara. Bayan wata uku aka aike ni Takanamat ƙidayar dabbobin da suka mutu. Na iske Baba Agali zaune bayan bukkarsa, fatu na shanye a ƙasa. Saniya ɗaya ta rage, ita ma sai an sa itace ake ɗaga ta. Ya ba ni ruwa na sha, sannan ya tambaye ni, "Kuɗin ya hau?"

Na ce ya hau, har ya ninka. Gaskiya na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce 'ya'yansa biyu sun tafi kurmi, can kudu, neman abinci, shi ma zai bi su. Ban sake ganinsa ba.

Da na gaya wa shugabanmu, cewa ya yi, "Lissafinka daidai ne, amma ba ka ƙidaya ciyawa ba."

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani jiran kasuwa sai mai abin ciyarwa. Kafin ka ce wa mutum ya dakata, tambaye shi kwana nawa dabbobinsa za su iya tsayawa da ƙafafunsu.