Murfin Kwallar Mahaifiyata

Ni dai Allah Ya jarabce ni da son tsofaffin kaya. Falona a Nguru cike yake da su: langa, fanteka, fitilar ƙwai, dutsen guga na gawayi, da wani tsohon hoton jirgin ƙasa da na roƙo wurin wani dattijo da ya yi aiki a tasha. A saman kabad kuwa kwallar marigayiya mahaifiyata ce, mai zanen jan fure, bakinta duk ya ɓantare. Ita kaɗai ta rage cikin kayan jerenta, ko ƙura ba na bari wani ya goge mata sai ni.

Bara Inna, ƙanwar mahaifiyar tawa, ta zo daga Gashuwa a duba mata ido a asibiti, don gani ya fara yi mata wuya. Ta bi falon da kallo, ta shafa wannan, ta ƙwanƙwasa wancan. Ashe tausayina ne ya kama ta.

Washegari na tafi makarantar da nake koyarwa. Da na dawo bayan azahar na yi sallama, na ɗaga labule, sai na tsaya cak. Wallahi na zaci gidan maƙwabta na faɗa. Bokitan roba da baho, shuɗi da kore, an jere su reras inda kayana suke. Hoton jirgin ne kawai ya tsira. Saman kabad wayam.

"Inna, ina kayana?"

"Na rufa miki asiri, 'yar nan," in ji ta, tana murmushi. "'Yan gwangwan na ji suna wucewa, na kira su muka yi musaya. Matar aure, malama guda, da kwanuka masu tsatsa a falo? Ai sai a ce mijinki ya karye."

Ko mayafi ban gyara ba na tari keke zuwa bayan layin dogo, inda suke tara ƙarafa. Tun daga nesa nake jin ƙarar guduma, kowane bugu a ƙirjina yake sauka.

"Hajiya, ai da kin yi sauri," in ji mai wurin. "Ba ma loda su a haka, sai mun daddake."

Na tsuguna ina tonon tsibin kamar mahaukaciya. Kwallar ban same ta ba, sai murfin, ya baje kamar faifai, furen ya zube saura kaɗan.

Na dawo da niyyar faɗa, har na shirya maganganun a hanya. Da na ga Inna zaune a tabarma sai na kasa, na dai ɗora mata murfin a cinya. Ta ɗauka tana lalube. Can yatsanta ya tsaya a gefe, kan wasu zane uku da aka karta, irin shaidar da mata ke yi wa kwanonsu don kada ya ɓace a gidan biki. Ta sake shafawa. Murmushin ya ɗauke.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ta Yaya ce? Ni na karta wannan da ƙusa, ranar da muka yi mata jere."

Na zo a lallashe ni, sai ga ni ina riƙe da tsohuwa tana kuka.