Satifiket Ɗin Kwana Uku

Shekarun baya ne, lokacin da shingayen sojoji suka cika hanyoyin Gombe, mutanen Borno da Yobe suna ta shigowa da 'yan ƙunshin kayansu. Ina koyarwa a wata sakandare. Sai wata ƙungiyar agaji ta shirya bita ta kwana uku kan yadda ake kwantar wa 'yan gudun hijira hankali, shugaban makarantarmu ya tura ni saboda ni kaɗai nake da sarari. In faɗi gaskiya, abin da na fi riƙewa daga bitar nan shi ne shinkafa da kaza. Ranar ƙarshe aka miƙa mana satifiket mai ruwan zinare a gefe. Na kai aka sa shi a gilas, na rataye a falo. Kafin wata ya ƙare mutanen layinmu a Barunde sun fara ce mini Likita, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba.

Akwai wani maƙwabcina, magidanci mai kunya, da ya gudo daga Borno tare da iyalinsa da yayarsa. Keke Napep yake tuƙa wa wani. Wata rana yayar ta yi sallama, ta zauna tana murza bakin mayafinta.

"Malam, ƙanina ya faɗa cacar ƙwallo. Duk abin da ya samo a shagon caca yake ƙarewa. Jiya keken ɗinkin matarsa ya ɗauka. An ce kai ka yi karatun irin wannan."

Ko sau ɗaya ba a ambaci caca a bitarmu ba. Abin da ya kamata in gaya mata ke nan. Maimakon haka na gyara zama na ce, "Adda, turo mini shi. Ƙaramin abu ne."

Sau huɗu ya zo, bayan la'asar. Ni nake magana, shi kansa a ƙasa. Na yi wa'azi, na tsoratar, na kawo misalai. A zama na biyu ya ɗago ya ce, "Malam, wallahi ba kuɗin nake bi ba. In ina kallon allon shagon cacar nan ne kawai kaina yake yin shiru." Na ce masa wannan uzurin shaiɗan ne. A na uku ya ce, a hankali, "Wani lokacin ina ganin gara a ce babu ni." Na ce ya yi istigfari, na ci gaba daga inda na tsaya.

Sai dabara ta zo mini, wai kunya ce maganinsa. Na tsayar da shi a gaban dattawan layi bayan sallah, na sa ya faɗi abin da yake yi da bakinsa, ya rantse ya daina. Aka yi ta sa mini albarka. Na aika wa yayarsa cewa ya warke.

Bayan sati biyu ya koma caca. Yanzu kuwa kowa ya sani, ga rantsuwa ya karya. Maganar ta kai kunnen mai keken, ya karɓe makullinsa. Washegari da hantsi matarsa ta same shi kwance a ɗaki, ya yi yunƙurin kashe kansa. Allah Ya yi da sauran kwana, aka garzaya da shi asibiti.

Da na je dubiya na tarar da wata nas, dattijuwa, daga sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Yayarsa ta nuna ni ta ce, "Ga likitan da yake duba shi."

"Likita? A ina kake aiki?" in ji nas ɗin.

Na zaro waya na nuna mata hoton satifiket. Ta sa tabarau, ta karanta a tsanake, ta maido mini.

"Malam, wannan shaidar halarta ce. Ta ce ka zauna a wurin, ba ta ce ka iya ba. Ya taɓa gaya maka ya gaji da rayuwa?"

"Ya faɗa."

"Sai ka yi me?"

Na mayar da wayar aljihu.

"Ni shekaru na yi ina karatun wannan aiki," ta ce. "Na yi jarrabawa, ina da lasisin da za a ƙwace in na yi ganganci, kuma har yau akwai na sama da ni da yake bin aikina. Duk da haka masu caca ba na duba su ni kaɗai. Kai wa yake bin naka?"

Ba ta ɗaga murya ba. Yayarsa tana tsaye tana jin komai, kuma ba ta kalle ni ba. Na juya na fita.

Watanni maƙwabcin nawa ya yi yana zuwa wurin ma'aikatan sashen. A can aka gano tun ranar da suka baro garinsu bai yi barcin kirki ba, saboda abin da idonsa ya gani a hanya. Ni ko tambaya ban yi ba. Ya sake zamewa sau biyu, ba su tara masa jama'a ba, suka ci gaba da shi har ya tsaya da ƙafarsa. Yanzu yana Tumfure yana sayar da kayan gini.

Na daɗe ina kare kaina da cewa niyyata mai kyau ce. Daga baya na yarda rabin niyyar taimako ce, rabi kuma daɗin sunan da ake kira na da shi. Caca ciwo ce, tana da masu karatunta da masu izinin duba ta. Yau in aka kawo mini irin wannan magana, cewa nake ban iya ba, in raka mutum inda aka iya.

Bara muka haɗu da maƙwabcin nan a wata walima, na ja shi gefe na nemi gafararsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Haba Malam, ai kai ne mutum na farko da ya zauna ya saurare ni."

Na yi murmushi kawai. Ni na san ban saurare shi ba.