Malamar da Ta Shafa Mana Gawayi a Harshe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha takwas ga watan Satumba, ina tsaye gaban allo mijinki ya kira ni a waya. Bai ja magana ba. "Yayarki ta tafi," ya ce, ya kashe. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, aiki ne ya haɗa mu a kwalejin horar da malamai, amma Yaya nake ce miki, kuma ba zan sauya ba don kin kwanta dama.

Mun san ciwon ya daɗe yana cin ki, duk da haka na ajiye alli na fita daga aji. Na yi kuka, ban ma gama ba. Amma ba kuka kaɗai ya kawo ni nan ba.

Ga wanda bai san ki ba, sautukan Turanci kike koyarwa. Aikinki shi ne ki saurari yadda mutum ke furta magana, ki rubuta ta da alamomin nan masu kama da ƙugiya da cokali, kowace alama da sautinta. Ƙa'idarki ɗaya ce: abin da kunne ya ji shi fensir zai rubuta, ba abin da wani ya ce ya kamata a faɗa ba. Ɗan kasuwa ne, matuƙin jirgi ne, mai sayar da magani ne, in dai ya buɗe baki da Turanci sai kin tsayar da shi kin ɗauki muryarsa.

Wa zai manta teburinki? Ɗan turmin daka gawayi, kwalbar mai, burushi, da madubi irin na likitan haƙori. Ki kwaɓa garin gawayin da mai, ki shafa wa mutum a harshe, ki ce ya furta kalma guda, sannan ki sa madubi ya ga inda harshensa ya taɓa saman bakinsa ya bar baƙi. Babu wanda ya tsira, har mijinki. Ya sha ce mana, "Ni kaɗai ne magidancin da ake ba gawayi kafin a ba shi abinci."

Wannan gawayin ne ya haɗa ki da shugaban sashenmu. Ya kawo kaset na muryar wani Bature guda, ya ce shi ne ma'aunin jarrabawar baka: duk ɗalibin da furucinsa bai yi kama da na mutumin ba, ya faɗi. Muna ji muna gani yara masu ƙwazo suka riƙa maimaita shekara, wasu suka tattara kayansu suka koma gida, ba don ba a gane maganarsu ba, sai don ba su yi ta da hancin wani ba.

Ba ki yi hayaniya ba. Kika nemo baƙi biyu, wani injiniya mai aikin gada da wata ma'aikaciyar jinya, dukansu da Turanci suka buɗe baki tun suna goye, amma ƙasarsu ba ɗaya ba. A gaban malamai kika sa su faɗi kalmomi iri ɗaya. Shi yana murɗa sautin ƙarshe, ita tana haɗiye shi. Kika rubuta nasa da nata a allo, layi biyu, ko kusa ba su yi kama ba. Kika shafa musu gawayi, madubi ya nuna baƙin kowa a wurinsa dabam. Sai kika juya ga shugaba cikin ladabi kika ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan kayar a cikinsu?"

Tun ranar ma'auni ya koma naki: a tsayar da ɗalibi gaban aji, in na kujerar baya ya fahimce shi sarai, ya ci. Kada wani ya ce sassauci kika yi. Mai cin magana a cikin baki ya sha wuya a hannunki, sai dai bayan kin kayar da shi za ki zauna da shi har ya gyara. Abin bai zo miki a banza ba. Aka danne ƙarin girmanki, aka mayar da ofishinki jikin ɗakin janareta, ke da aikinki na kunne ne. Kika sayo auduga kika toshe taga, kika ci gaba.

Yanzu ga abin da ya faru bayanki, Yaya. Shugaba ya zo gaisuwa, ya yabe ki har da share hawaye. Da zai tafi, a bakin ƙofa inda aka tube takalma, ya ja ni gefe. "Malama, tunda Allah Ya yi ikonSa, sai mu koma kan kaset," ya ce. "Ke za ki yi jarrabawar ranar Litinin. Ki tuna aikinki na kwantiragi ne." Ƙasar kabarinki ba ta bushe ba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Ina da 'ya'ya, kuma ban da wannan aiki ba ni da wani. Amma 'yan ajin ƙarshe ne za su shiga, waɗanda kika koyar kina dafe da bango saboda ciwo, kuma wanda ya faɗi a cikinsu ba shi da wata dama. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, don kada a ce a ɓoye na yi.

Allah da Ya halicci harsuna dabam-dabam, Yake jin kowa ba tare da tafinta ba, Ya ji roƙonmu a kanki. Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki da 'ya'yanki da ɗalibanki, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Shi kuma shugaba, tunda a bakin ƙofa ban ba shi amsa ba, ga ta: ranar Litinin zan zauna a kujerarki, kuma ba zan kunna kaset ɗin ba. In takardar kora ta fito, a kawo mini ita ɗakin jarrabawa, amma mai kawowa ya jira a waje sai ɗalibi na ƙarshe ya gama magana.