Fuskar Ubana a Bayan Kwalin Madara

Ni ne mutumin da ya yi wa ubansa tsagar fuska bayan ya shekara arba'in a kabari. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni, don waɗanda suka san labarin a Libreville ba su mutu duka ba, kuma in su suka faɗa sai sun ƙara gishiri. Ba aska na sa masa ba, gawayi ne. Amma ɓarnar ɗaya ce.

A lokacin ina da teburin shayi a bakin tashar jirgin ruwa ta Owendo, inda manyan motoci ke jerawa da gumagumai suna jiran a sauke. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ke nan. Mun kwana da kuɗi mun tashi da rabinsu. Gwangwanin madara ya zama abin da nake buɗewa da bisimilla uku, kuma na koyi ɗaga hannu sama sosai wajen zubawa, yadda mai sha zai ga tsawon madarar ya manta da yawanta. Direbobi suka raɗa wa shayina suna ruwan wanka. Ban ji haushi ba, don sun yi gaskiya.

Kusa da ni akwai mai tsire, Bagobiri, shekararmu goma sha ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Hayaƙinsa nake shaƙa, shi kuma yana shan shayina. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Yana da gari. Ba ya iya yanka albasa bai ambaci garinsu ba: rijiyar ƙofar gidansu, kukar da ke bayan masallaci, gwaggonsa mai kitso. Kuma ko bai buɗe baki ba, garin na nan a kumatunsa, tsage reras daga gefen baki zuwa kunne. Baƙo zai sauko daga mota ya kalle shi sau ɗaya ya ce, "A'a, ɗan uwa!" Sai runguma, sai tsire kyauta. Ni kuwa ina gefe da fuska sumul kamar ƙwan da aka ɓare, ina fifita wuta.

Ubana fatake ne. A wani zango na kudancin Kamaru aka haife ni, uwata ta rasu ban san ta ba, shi kuma ya bi ta ina da shekara tara. In na tambaye shi garinmu sai ya nuna arewa da haɓa ya ce, "Ƙasar Hausa." Shi ke nan. Yana ganin da sauran lokaci. Ƙasar Hausa kuwa, ai ba a hawa mota a ce wa direba a sauke ka a can.

Cikin masu shan shayina akwai wani Bature ɗan Amurka mai auna katako. Faransancinsa da nawa duk guragu ne, shi ya sa muka fahimci juna. Shi ma ba shi da gari. Kakan ubansa ya baro ƙasar Ailan lokacin wata yunwa, kuma a takardar jirgin da ya kawo shi ba a rubuta komai ba sai sunan ƙasar. Baturen nan ya shekara da shekaru yana aika wasiƙu zuwa coci-coci, limamansu suna ba shi amsa cewa masu irin sunan kakansa sun kai yashi yawa, sai ya faɗi ƙauye. Ina son mutumin nan ƙwarai. Duk sanda amsa ta zo babu komai a ciki, nakan ƙara masa sukari. Mu biyu marasa gari, muna kallon Bagobiri yana ta kukar bayan masallaci.

Sai ga Baturen wata safiya da hoto a hannu, fuska ta yi ja kamar gauta. Ya ce ya daina bin kakan, ya bi ƙanwar kakan. Wata dattijuwa a danginsu ta tuna inda aka binne ta, aka je aka ɗauko hoton dutsen kabarin, ashe mijinta ya sa an sassaƙa sunan ƙauyensu a jiki. Ya ce in mutum ya ɓace maka, ka nemi wanda ya tafi tare da shi.

Na ce masa barka. Allah ya sani bakina ne kawai ya faɗa. Ran nan sukarinsa cokali ɗaya na sa.

Ya tambaye mu, "Ku a ina kuke rubuta garin mutum?"

Na ce, "Mu ba ma rubutu a kabari. Fasasshen tulu ake ɗorawa, damina biyu ya nutse."

Bagobiri ya aje wuƙa ya shafa kumatunsa. "Mu a nan muke rubutawa, patron. Kwana bakwai da haihuwa. Ba ya jiƙewa, jandarma ba ya ƙwacewa." Ya juyo ya kalle ni yana dariya. "Sai dai wasu an manta ba a buga musu hatimi ba."

Na ce, "Wasu kuma an buga har ya yi yawa, kamar kaji sun yi tono."

Aka yi dariya, har da ni. Amma ban manta maganar ba.

Ba a daɗe ba gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da katin zama ya nema ko ya bar ƙasa. Aka fara tare taksi ana sauke mutane. Ni takardar da na shigo da ita ta daɗe da mutuwa, ina lallaɓawa ne da gaisuwa da kofin shayi. Yanzu kuwa katin zama ba ya samuwa sai da takardar ofishin jakadancin ƙasarka, su kuma sai mutanen garinku sun tsaya maka shaida. Sai kowane gari ya buɗe littafi. Kanawa na rubuta nasu, Damagarawa na rubuta nasu, mutanen Garwa da Marwa nasu daban. Masu tafiya ma sun san inda za su. Ina tsaye bayan tebur ina kallon jirgi na lodin mutane da katifu da kekunan ɗinki, suna kuka, ni kuma, Allah ya yafe mini, ina kishinsu. Mai kuka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ni ko an kore ni, ina za a kora ni?

Da na ce wa Bagobiri ya sa ni a littafinsu, da ya sa. Shi ne mataimakin shugabansu. Amma in roƙi mutumin da ya ce ba a buga mini hatimi ba? Na gwammace jandarma.

Sai na tuna maganar Bature, na haɗa da ta Bagobiri. Ni ba ni da ƙanwar kaka, ba ni da dutse. Amma ubana yana da tsaga. Kuma a unguwar Oloumi, bayan garejin masu walda, akwai wani tsohon wanzami da aka ce in ya kalli tsagar mutum zai faɗi garinsa, wani lokaci har unguwa.

Da la'asar, ciniki ya lafa, na yage bayan kwalin madara na ɗauki gawayi daga murhu. Na zana ƙwai, na sa idanu da hanci da baki. Na rufe ido na kira fuskar ubana, ta zo. Na ja layukan yadda na gan su. Ba su da yawa, kuma gajeru ne. Na riƙe kwalin ina kallo, sai na ɗaga kai na ga Bagobiri a gabana yana juya tsire, rana na haska kumatunsa. Na sake kallon nawa. Sai na ga kamar ubana ya fito kasuwa ba riga.

Na ce bari in ƙara ɗaya, wataƙila na manta ne. Na ƙara. Na ce ai wancan gefen ma. Ina satar kallon maƙwabcina ina ja, ina satar kallo ina ja, a kan layukan farko, har kwalin ya cika. Ban ce wa kaina ƙarya nake ba. Cewa na yi ina tunowa.

Washegari na hau taksi zuwa Oloumi. Na tarar da tsohon a kan tabarma yana wasa aska a tafin hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro, na miƙa kwali.

"Baba, fuskar mahaifina ce. Garinsa nake nema."

Ya kai kwalin kusa da ido, ya nesanta, ya karkata shi. Ya daɗe. Sai ya sa farce a kan wani ɗan layi da ke karkace a ƙarƙashin haɓa.

"Yaro, mahaifinka yaushe ya rasu?"

Ina da furfura a lokacin, amma na amsa. "Ya kai shekara arba'in, Baba."

"Ikon Allah. Kuma shi ma ya faɗo daga babur a Oloumi?"

Na leƙa inda farcensa yake.

"Wannan ba tsaga ba ce, tabo ne. Ni na wanke shi da hannuna, na sa magani. Mai tsiren Owendo ne wannan, duk Juma'a nake masa aski. Ka iya zane, ban ƙi ba. Har kunnensa ka samo."

Masu jiran aski mutum uku ne a benci, duk suka fashe da dariya. Ɗaya har da tari.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya juya kwalin, ya miƙo mini guntun gawayi daga kaskon turarensa. "To zana mini ta gaskiyar. Ko layi biyu ne, kada ka raina. Akwai garuruwan da layi biyu ne duk arzikinsu."

Na rufe ido na kira ubana. Hularsa ta zo, da gemunsa, da haƙorinsa ɗaya da goro ya rina. Amma kumatun na Bagobiri ne. Na kore su suka dawo. Na juyo da kwalin in nemo layukan farko a ƙarƙashin na ƙarya, duk gawayi ɗaya ne, hannu ɗaya, na goga da yatsa sai suka haɗe suka zama baƙi. Uku ne a dama ko biyu? A tsaye suke ko a kwance? Akwai ɗaya a goshi, ko na wani ne na gani? Jiya jiyan nan na san amsar. Shekara arba'in ina ɗauke da ita ban zubar ba.

Tsohon ya karɓi gawayinsa ya ce in fuskar ta dawo mini in zo. Ya rasu bayan shekara huɗu. Ba ta dawo ba, har yau da nake wannan rubutu da hannun da bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba.

Ranar Asabar na fito da tebur ina sauri kada mu haɗa ido. Na san jiya Juma'a, na san inda aka yi aski. Bagobiri ya gama hura wuta. Sai ya zo ya zauna a bencina, ya ce in zuba masa mai kauri, ba ruwan wanka ba. Ya ciro takarda daga aljihu ya aje kusa da gwangwanin sukari. Sunana ne a ciki, da sunan garinsu, da sa hannun shaidu biyu.

"Na ce musu ɗan gwaggona ne kai, mai kitso," in ji shi. "In an tambaye ka, akwai kuka a bayan masallaci. Ai ka fi ni sanin ta."

Da takardar nan na samu katin zama, da ita nake zaune har yau. Na so in gode masa, kuma na so in watsa masa shayin, duk a lokaci guda. Ban yi ko ɗaya ba. Ya shanye, ya miƙe, ya shafa tabon haɓarsa. Ya kai wajen wutarsa sannan ya juyo, ba dariya a fuskarsa.

"Kai ka samu gari, mai shayi. To shi mahaifin naka, a littafin wa za a rubuta shi?"