Ƙwaryar Mai Fentin Ƙubba

"Ƙarya ne! Bokiti biyu sun ishi ƙubbar masallacin nan!" Ta bangon ofishina a Wudil nake jin Alhaji ɗan kwangila yana zargin mai fenti da shirin sata. Na leƙa.

Mai fentin dattijo ne siriri, koren fenti a gemunsa. Ya kife ƙwarya kan takardar siminti, ya zana zagayen bakinta sau biyu, ya yayyaga zanen ya manna a bayanta. Ya rufe ta cif! Na saki baki. Ashe bayan ƙubba ninkin faɗin ƙasanta ne, Alhaji kuwa ƙasan kawai ya auna. Anya fenti dattijon yake karewa, ba sunansa ba?

A bakin ƙofa ya juyo: "Alhaji, bokiti huɗu ne. Amma nemi wani. Wanda ka kira ɓarawo ba zai hau ɗakin Allah ba."