Muryata a Cikin Kullallen Fayil

Bayan na bar aikin rediyo, a shagon wani abokina nake cinye yammacina, can wajen Ƙofar Ruwa, inda ake buga ƙwallon ƙafa ta bidiyo. Abu ɗaya ke ci min rai. Masu wasan da Hausa suke tsokanar juna, amma mai sharhin da ke cikin na'urar Turanci yake zubawa. Na ce muryata zan sa a madadin tasa.

Abokin nawa ya san kan kwamfuta. Ya nuna min cewa duk maganganun mai sharhin a fayil guda suke, an tattara su, an kulle da lambobin sirri don kada kowa ya taɓa. Waɗanda suka ƙera wasan ba su yi shi da mu a zuciya ba, suka kuma rufe ƙofa. Ya daɗe yana fama kafin ya samo manhajar da ta buɗe.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Kowace magana da gurbinta, daidai tsawon ta Turancin. In tawa ta zarce ko da numfashi ɗaya, wasan ya tsaya cak.

"Malam, bari in ƙara wa muryar gudu," in ji shi. Ya gwada. Na ji kaina ina tsuwwa kamar ɓera a gwangwani.

"Goge shi."

"To ka ce gol kawai mana, kowa ya huta. Kai da ko gaisuwa sai ka yi mata kanun labarai!"

"Alhaji, ni ba a hanzarta ni, ba a kuma ara min baki."

A rediyo an koya mana cewa in lokaci ya ƙure ba sauri ake yi ba, kalma ake zaɓa. Na zauna gaban makirufo na bi guraben ɗaya bayan ɗaya, ina cike kowanne da gajeriyar magana. Ta shiga raga. Ya ɓarar. Gola ya cafke. Wadda ta ƙi shiga na sake mata tsari, ban haɗiye harafi ba.

Ranar da muka mayar da fayil ɗin, wani ya buga ƙwallo ta wuce saman raga, na'urar ta ce da muryata, a natse, "Ya aika ta unguwar Madabo." Shagon ya kaure da ihu.

Abokina ya raɗa min cewa duk ranar da aka sabunta wasan za su canza makulli, aikin ya shafe gaba ɗaya.

"Su canza," na ce. "Fayil ɗin ne nasu. Kada ka ajiye makirufon da nisa."